Sunayen da Na Rubuta Sun Hana Ni Jarrabawa

Zuwa ga Baba Sodangi,

Don girman Allah, Baba, ka taimake ni da shawara, domin na kai inda kaina ba ya ɗaukar komai. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Kunya nake ji a ce wanda ake kira likita ya kawo kukansa jarida, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ni ɗan Kusada ne, mahaifina malamin allo ne mai ɗan noma. Da muka gama makarantar likitoci, abokan karatuna suka watse Kaduna da Legas inda ake rabon gida da mota, ni kuwa na roƙa a kawo ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kankiya. Ba don a yaba mini na yi ba. Yayata Haulatu a bayan mota ta cika da doguwar naƙuda, kuma har yau abin bai bar raina ba.

A asibitin na tarar da wani dattijon likita mutumin Masar, gwanin sa barci kafin tiyata, shi ya koya mini aikin. Mutane suna ganin mai wuƙa ne kaɗai ke aiki, ba su san mai sa barci ne ke tsare da numfashin mutum har a gama ba. Shekara uku ina gefensa. Bara ya koma ƙasarsu, bayan wata huɗu aka aiko mana ya rasu. Tun daga nan, in ba ni a ɗakin tiyata, likitanmu na fiɗa ba ya taɓa kowa.

To, bana aka fito da ƙa'ida: daga watan Janairu ba mai sa mutum barci sai mai takardar ƙwarewa. A Legas ake jarrabawar. Kafin a bar ka ka zauna, sai ka kawo littafi mai sunayen mutum ɗari uku da ka sa barci, da sa hannun gwanin da ya koya maka, kuma sunayen su dace da na rajistar asibiti. Ban ji ko ɗar ba. Littafina ya haura ɗari uku, kuma marigayin ya sa hannu a kowane shafi.

Ga inda na kashe kaina, Baba. In an gama aiki, da sunan mutum ake kiransa har ya farfaɗo. Mutanenmu kuwa ka san su. Matar da aka rubuta Rahamatu a kati, tun tana goye ake ce mata Inno, saboda Rahamatu sunan kakarta ne, ba mai iya faɗa a gidansu. Ka yi ta kiran Rahamatu har ka gaji, ba za ta motsa ba, amma kana cewa Inno za ka ga ido ya buɗe. Wani makiyayi daga Mawashi da bijimi ya soke, Uthman ne a rajista, Ɗanmusa ne a rugarsu. Saboda haka kafin in sa wa kowa magani, sai in tambayi danginsa sunan da yake amsawa, shi nake rubutawa a littafina, don shi ne mai amfani a wurina. Akawunmu kuma sunan yanka yake rubutawa. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa wata rana wani zai jera littattafan biyu ba.

Da na aika littafina Legas, aka jera shi da rajistar. Mutum arba'in da ɗaya kawai suka dace. Na ce a duba kwanan wata, ashe akawu ranar kwanciya yake rubutawa, ni kuwa ranar aiki, wani ma sai ya yi mako uku yana jira. Lambar kati ban rubuta ba. Katunan kuma masu su sun tafi da su gida, rabi gara ta cinye. Na rubuta doguwar takarda na bayyana al'adarmu ta alkunya, aka amsa mini da layi biyu cewa ƙa'ida ƙa'ida ce. In ina so, in koma babban asibiti a ƙarƙashin wani gwanin in sake tara ɗari uku. Wannan shekara biyu ke nan.

Saura mako shida a rufe karɓar takardu. Akawun namu, wanda ba zan faɗi sunansa ba, mutumin kirki ne, tausayina yake ji. Ya ce in sayo sabon littafi mu cike shi da sunayen rajista, shi kuma ya iya sa hannun marigayin kamar shi ya yi. Ya ce ai ba ƙarya ba ce, tunda aikin na yi shi da hannuna. Baba, na sayi littafin. Yana cikin akwatina kwana tara ban buɗe ba. Matata Hawwa'u ta ce in na yi kada in gaya mata. Mahaifina ban ma iya tunkararsa ba, don na san amsarsa.

In ban yi ba, a Janairu za a sa wa ɗakin tiyata kwaɗo, masu ƙaba da masu naƙuda su koma neman motar Katsina. In na yi, na ɗora ƙarya a kan mamacin da ya riƙe ni kamar ɗansa. Ko a salla wannan lissafin nake yi, har ina mance raka'a nawa na kai. Ban ga ƙofa ba ko ɗaya. Me zan yi?

Naka,
Wani ɗan Kusada

*

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan yaudare ka ba: jarrabawar bana da wuya ka same ta. Gara ka ji daga bakina tun yanzu.

Ba ka yi laifi ba da ka kira mutane da sunan da suke amsawa, wannan sanin aiki ne. Kuskurenka shi ne ba ka haɗa da sunan yanka ba, kuma ka biya kuɗinsa fiye da kima. Su ma na Legas kada ka ɗauke su azzalumai. Ba su san Inno ba, ba su san Rahamatu ba. Abin da suka sani shi ne akwai masu cika littafi da sunayen bogi su je su kashe bayin Allah, don su aka kafa ƙa'idar, ta zo ta faɗa kanka.

Maganar akawu tana da daɗin ji, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Sun riga sun ga littafinka na farko, sun kuma san malaminka ya rasu. In sabon littafi ya iso da ɗanyen sa hannunsa, me za ka ce musu? Yanzu shekara biyu kake kuka a kai. In aka kama ka, takardar likitancin ma karɓewa za a yi, akawu ya rasa aikinsa, ɗakin tiyatar kuma a rufe shi ba ranar buɗewa. Ko ba a kama ka ba, mutumin da ya kasa gaya wa mahaifinsa abu ya riga ya san hukuncinsa. Ka ba yaran makarantar allonku sabon littafin nan su yi zane a ciki.

Ga abin da za ka yi da makonnin nan shida. Ka ɗauki tsohon littafinka ka bi garuruwan yankinku, irin su Kaikai da Mawashi da Bauranya. Dagaci da limami sun san sunan yanka da sunan gida na kowa, don a gabansu aka raɗa. Su rubuta shaida cewa wance ita ce wance, su sa hatimi, hakimi ya tabbatar. Na san makiyaya sun tashi, wasu sun mutu, ba za ka haɗa ɗari uku ba. Ko ɗari ka samu ka aika, tare da takardar shugaban asibitinku mai roƙon a ɗaga muku ƙafa ko a turo wani ya riƙe wurin. Wataƙila su duba, wataƙila su ƙi. Ni dai ban sa rai sosai ba, amma an san ka ƙwanƙwasa ta ƙofar gaba.

In sun ƙi, ka tafi ka yi shekara biyun, ka dawo. Kada ka bari hasken birni ya riƙe ka. Ka kuma zauna da mahaifinka ka gaya masa komai, ka daina ɗaukar kayan nan kai kaɗai.

Abu na ƙarshe shi ne mafi ɗaci, kuma kai kaɗai za ka iya yin sa. A kowane gari ka shiga neman shaida, ka tara unguwarzoma da masu unguwa ka faɗa musu gaskiya da bakinka: daga Janairu wataƙila babu tiyata a wurinku. Duk matar da naƙuda ta wuni ba ta sauka ba, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ɓata lokaci a biyo ta asibitinku, a wuce da ita Katsina kai tsaye. Za a rasa wasu a shekarun nan biyu, ɗana, ni da kai mun sani. Amma wadda aka fita da ita da hantsi ta fi wadda aka kawo ƙofar da ke kulle da la'asar.

Allah Ya jiƙan malaminka, Ya ba ka juriya, Ya dawo mana da kai da takardar da ba za ka ji kunyar nuna wa kowa ba.

Baba Sodangi