Ƙuri'ar Emil Prusak

3 ga Afrilu

Ɗan'uwa Gordon,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar, yaya Marlene da jikoki? Ina fata likitan ya daina yi maka alkawari ya fara yi maka magani. Ni lafiya lau, sai gajiyar koyar da tarihi ga yaran da ba sa tuna abin da suka ci jiya.

Maganar gidan ƙungiyarmu ta jami'a ce. Rufin ya ruɓe, ruwa na sauka har ɗakin da muka zauna ni da kai shekara uku. Hukumar gari ta ce in ba a gyara kafin Satumba ba, za ta garƙame shi. Chip Vandermeer, wanda har yanzu yake shugabantar duk abin da ke da kujera, ya aika wa tsofaffin 'yan ƙungiya takardar neman gudummawa. Abin da aka samu ko tsanin hawa rufin ba zai saya ba.

Sai ga Emil Prusak. Ka tuna shi, ɗan mahaucin nan da ya nemi shiga a shekararmu ta biyu, aka buɗe akwatin ƙuri'a aka tarar da baƙar ƙwallo ɗaya cikin farare, wadda a dokarmu ta isa ta rufe wa mutum ƙofa. Yau motocinsa na dakon kaya sun cika jihohi huɗu. Ya ce zai yi rufin gaba ɗaya, bisa sharaɗi guda: a sake jefa masa ƙuri'a, da akwatin nan, da hannun waɗanda suka jefa ta farko. Mu goma sha ɗaya muka rage.

Gordon, ni na jefa baƙar. Shekara talatin da ɗaya ban gaya wa kowa ba. A wajen cin abinci ya gyara mini shekarar wani yaƙi a gaban jama'a, kuma shi ke da gaskiya. Iyakar laifinsa ke nan.

Ka zo Asabar ta ƙarshen wata, ko da sanda ne.

Naka,
Wendell

2 ga Mayu

Ɗan'uwa Gordon,

Na sami katinka. Allah ya ba gwiwar lafiya, a gaida Marlene. Tunda ba ka samu zuwa ba, Prusak ya yarda da mu goma.

Da ka ga taron. Waɗanda a da suke toshe hanci in ya wuce, wai yana ƙarnin nama, su ne suka riƙa rungumarsa suna ce masa ɗan'uwa tun ba a jefa komai ba. Rodney Tull ya kawo shawara a kwashe baƙaƙen ƙwallayen daga akwatin, don gudun kuskuren hannu irin na tsufa. Prusak ya ce in haka ne, da rasiɗi kawai aka ba shi. Ya fita ya zauna a bencin zaure inda masu neman shiga suke jira, bokiti na tarar ɗigon ruwa kusa da shi.

Na rantse maka da niyyar jefa fara na zo. Na zura hannu, ka san ba mai ganin abin da yatsu suka ɗauka. Baƙar suka sake ɗauka. Ina so in ce maka mutunci ne ya hana ni sayar da abin da ba na sayarwa ba, har na tuna sojojin Rum da suka yi gwanjon kujerar sarkinsu. Amma wannan daga baya na tuna shi, a mota. A lokacin, fuskar Prusak kawai nake gani, fuskar mutumin da ya san shi ke da gaskiya.

Chip ya jawo aljihun akwatin, ya leƙa, ya dunƙule hannu a kan wani abu, ya ce duk farare ne. Sai baƙar ƙwallon da ya ɓoye ta suɓuce masa. Ka san daɓen falon ya karkata. Muna kallo ta gangara ta ƙofa, ta tsaya a takalmin Prusak.

Ya ɗauka ya jujjuya ta. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"Shekara talatin ina tsammanin talaucina aka ƙi," in ji shi. "Ashe ni ɗin ne."

Ya ajiye ta a kan bencin, ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu, ya tafi.

Za a rufe gidan a Satumba. Chip ya kafa kwamitin gano wanda ya yi wannan aika-aika. Ya ce ana bukatar mutum mai gaskiya, wanda ya saba tonon abin da ya wuce, ya shugabance shi. Na karɓa.

Ka huta lafiya.

Ɗan'uwanka,
Wendell