Bidiyon walimar Abba

Ƙaura Namoda, daren Lahadi

Jiya munka yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗana Abba cikin gida, ko lasifika ba mu ɗauko ba, don kowa ya san halin da ake ciki. Yau da la'asar sai ga bidiyon yana yawo a waya. Rukayya ƙanwar maigidana ce ta ɗora shi. Ga fuskar yaron, ga ƙofar gidanmu, ga motar babansa, har ta rubuta a ƙasa, "Ɗan Alhajinmu mai shanun Shinkafi."

Da na kira ta, wai, "Haba Anti, farin ciki ne fa, mutane sai sa albarka suke." Albarka! A garin da masu kai wa ɓarayin daji rahoto ke zaune cikinmu? Ita da kawunnanta sunka baro garin Kurya Madaro ba shiri saboda ɓarayin nan?

Ta goge, amma an riga an tura ko'ina. Tun magariba nake riƙe da waya ina duba wa ya sake ɗorawa, kaina kamar ya tsage, ko tuwo na kasa ci. Abba ya shigo da murnarsa yana tambaya ko gobe zai kai wa malaminsu waina. Na daka masa tsawa, na ce ko zaure kar ya leƙa. Ya tsaya yana kallona, bai san laifin da ya yi ba.

Yaro ya sauke Alƙur'ani, tukuicin da na ba shi kulle. Rukayya kuwa tana can tana sharar barcinta.