Baƙar Motar Alhaji da Injin Nehemiya

Litinin, 22 ga Afrilu, 1963
Mun kawo ta! Ni na tuƙo ta da hannuna daga Zariya har Makarfi, maigidana Alhaji Usmanu a kujerar baya yana ta gyara zama. Baƙa ce, doguwa, ƙirar Ingila. Wani Baturen gona da zai koma ƙasarsu ya sayar masa. Bayan shekarun da na yi ina jan lorin mazarƙwaila, yau ga ni a motar da ba ta jijjiga haƙora. Lantana ta ce tun da ta aure ni ba ta ga na ci tuwo ina murmushi ba sai yau.

Talata, 23 ga Afrilu
Na wanke ta da safe, sai ga gaskiya ta fito. Rana ta cinye fentin. Murfin inji da rufin sun koɗe sun koma kalar toka, ƙofofi duk karcen ƙaya. Baturen nan cikin gonaki yake shiga da ita.
Alhaji ya zagaya ta, sannan ya ce da ita za a ɗauko mahaifiyarsa, Inna Ummuhani, a filin jirgin Kano in ta dawo daga Makka bayan Sallah. Ya ce tsohuwar nan da ƙafa take kai rake kasuwa ta ciyar da shi, yana so ta sauko daga jirgi ta shiga abin da ido zai tsaya a kai. Na ce ya bar mini. Goge mota ai sana'ata ce tun ina tuƙa likita a Zariya.

Alhamis, 25 ga Afrilu
Na fara. Gwangwanin kakin goge mota, tsohuwar singileti mai laushi, inuwar ɗorawa. A shafa kaɗan, a murza a zagaye, a bari ya yi fari, a share da busasshen tsumma. Yatsa yana jin inda fenti ya yi kaushi tun ido bai gani ba. Ƙofar direba ta fara ɗaukar ido. Wallahi daɗi.

Asabar, 27 ga Afrilu
Kafaɗata. Lantana ta gasa mini da ruwan zafi. Murfin inji ya ƙi.

Litinin, 29 ga Afrilu
Bakaniken da ke duba injin niƙan Alhaji ya zo daga Sabon Gari. Nehemiya sunansa, mutumin wajen Kagoro, gajere, ba ya gaggawar magana. Ya gaishe ni da kyau, ya tsaya yana kallon aikina. Ya shafa ƙofar da bayan hannu, ya ce aikin ya yi, amma kaki rufe karce yake yi, ba ya cire shi. Wai fentin sama ya mutu, sai an ɗan kankare shi mai rai ya fito, kuma hannu ba zai iya ba ko zan kai baɗi.
Na ji abin har wuya. Na ce to me zai iya?
Wai yana da inji. Ya same shi a garejin da ya yi aiki. Faifai ne mai gashin tunkiya a bakin wata doguwar igiyar ƙarfe mai lanƙwasa, in aka haɗa ta da bel ɗin injin niƙa sai faifan ya yi ta juyawa. Alhaji na jin haka idonsa ya kawo haske. Mutumin nan duk abin da ke juyawa da kansa yana so.
Na ce a raba murfin inji biyu, kowa ya ɗauki rabi. Ni na faɗa, ba wanda ya sa ni.

Laraba, 1 ga Mayu
Ranar kasuwa, ga shi gab da Sallah, gari ya cika. Mun kai motar bayan ɗakin niƙa, an ja layi da alli a tsakiyar murfin. Sai da aka tsayar da niƙa aka yayyafa ruwa a ƙasa don kada gari ya sauka a kan fenti. Mata masu ƙwaryar dawa suna ta mita.
Na fara tun hantsi. Shi kuwa sai da ya gama ɗaure-ɗaurensa, ya ɗiga wani farin mai kamar kunu a kan faifan, ya ce a tayar. Ƙarar! Masu raguna suka bar raguna. Yana tafiya da shi a hankali, gaba da baya, ba ya tsayawa wuri ɗaya, gashin yana yin baƙi da mataccen fenti. Ni ina murza nawa, ido ɗaya na can.
Kafin azahar ya gama. Ni sai la'asar. Da aka share, duka biyun suna sheƙi, jama'a suka rabu. Dattawa suka ce nawa, samari suka ce nasa. Wani mahauci ya ce shi ya fi ganin haƙoransa a ɓangaren Nehemiya, aka yi ta dariya. Alhaji ya ce canjaras. Na dawo gida ina tafiya kamar na ci zaɓe.

Alhamis, 2 ga Mayu
Ruwan farko ya sauka da yamma, mai ƙarfi, da iska. Manoma na murna.

Juma'a, 3 ga Mayu
Na wanke lakar jiya da sabulu, na fito da ita rana. Ɓangarena: karce duk sun dawo, ga hazo-hazo kamar an hura wa madubi numfashi. Nasa baƙi wuluk, har gajimare na gani a ciki. Na daɗe a tsaye. Ba kowa a wurin, alhamdu lillahi.
To amma sabulun ne. Da ban sa sabulu ba.

Asabar, 4 ga Mayu
Sallah. Na aika wa Nehemiya cinya. Baƙo ne a garin.

Talata, 7 ga Mayu
Alhaji ya gani da idonsa. Ya ce inji ya yi motar duka, ni in taimaka. Ni da motata, ina riƙe wa wani igiya kada ta taɓa fenti. Na yi niyyar ɗaure fuska, amma abin kallo ne. Yana wucewa toka na zama baƙi a bayansa kamar ana noma.

Alhamis, 9 ga Mayu
Bari in rubuta.
Na ce ya ba ni in gwada. Ya ba ni, ya ce kada in danna, nauyin faifan ya isa, kuma in guji gefe da ƙusurwa don fenti ba shi da kauri a nan. Da na riƙe, sai na ji kamar an ba ni linzami. Abin yana ja, yana rai. Na yi rufin baya tas. Daɗi ya ɗebe ni, na gangara kan kafaɗar tayar gaba, wajen da ƙarfe ya lanƙwasa. Akwai wani karce da ya ƙi fita. Na danna. Na ji ƙauri, na ɗaga, sai ga jan fentin ƙasa ya leƙo, tsawon ɗan yatsa, daidai gefen da Inna za ta fara gani.
Nehemiya ya kashe inji. Ya ce shi zai ce wa Alhaji bel ne ya fizge. Na ce a'a. Na je na faɗa da bakina. Alhaji ya dube ni ya ce, “Maiwada, in jirgi ya sauka tana haka, lori za ka koma, wani ya ɗauko ta.”

Asabar, 11 ga Mayu
Nehemiya ya hau lori ya je Zariya ya dawo da baƙin fenti a 'yar kwalba da burushi siriri. Ba aikinsa ba ne, ba kuma wanda ya aike shi. Ya ɗiga, ya bari ya sha iska, ya sake. Wurin ya yi tudu kamar tabon ƙuna. Ya ce sai ya bushe sosai, kada kowa ya taɓa.

Laraba, 15 ga Mayu
Ina zuwa ina leƙawa kamar mai jinya.

Asabar, 18 ga Mayu
Ya bushe. Na zaci zai ɗauko inji, sai ya miƙo mini guntun samfefa mai laushi da kwanon ruwa. Ya ce, “Malam Maiwada, nan sai hannunka. In na sa faifai zai kwashe shi. Ni kuma yatsuna sun saba da sifana, ba sa jin abin da naka ke ji.”
Na zauna a kan turmi. Na jiƙa, na shafa kamar ana shafa kan jariri, in tsaya, in taɓa, in sake. Tudun ya kwanta. Na bi da farin man nasa a tsumma, sannan kakina. Na kira shi ya nemo wurin. Ya nema da ido ya rasa, sai da ya tuna da kansa inda yake.
Sauran gefuna, da bayan mariƙin ƙofa, da kewayen fitilu, duk ni na yi. A ƙarshe na bi motar duka da kaki. Ya ce yanzu kakin ya sami abin da zai tsare.

Alhamis, 23 ga Mayu
Kano! Jirgi ya sauka, alhazai na fitowa, ga motoci birjik, amma tamu ake nunawa. Inna Ummuhani ta fito ta rame, da butarta a hannu. Alhaji ya durƙusa, ta dafa kansa. Na buɗe mata ƙofa, sai ta tsaya. Ta ga wata tsohuwa a jikin ƙofar, ta ce sannu baiwar Allah, ta matsa ta ba ta hanya. Da ta gane ita ce, ta yi dariya har da hawaye, ta gyara mayafinta a ciki, ta ce ashe haka rana ta mai da ita. Alhaji ya juya baya yana share ido.
A hanya ta tambayi wa ya yi wannan aiki. Na ce ni da wani abokina.

Talata, 28 ga Mayu
Nehemiya ya tafi gida shuka, sai bayan damina. Ya bar injin a zaurena. Na gaya masa ajiya ce kawai, ni mai hannu ne, kowa ya sani.
Jiya da na kai Inna gaisuwa Kudan na ga tsohuwar ƙofar lori a jingine a bayan wani shago, fentinta ya koɗe, ga gefuna da lanƙwasa ko'ina. Mai ita ya ce in ɗauka. Lantana ta tambayi me zan yi da ƙofa ba lori. Na ce kaji za ta tare.
Da safe na kai su ɗakin niƙa na haɗa bel. Na ƙone gefen sama, na ƙasa bai ƙone ba. Gobe zan gwada ɗaya fuskar.
Don dai kada abin mutane ya yi tsatsa.