Garba Ba Baƙo Ba Ne

Zuwa ga mai girma Shehun Hausawan unguwarmu ta Misfala, a nan Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, sau uku ina zuwa gidanka a kan maganar surukina marigayi Saje Garba mai lori. Zuwan farko aka ce kana barci, na biyu kana Jidda, na uku na hango takalminka a ƙofa amma aka ce ka fita. Shi ya sa na rubuta, na kuma ba da a karanta a shagon gahawa da ƙofar masallaci, ko wani ya kai maka labari.

Na ɗaya. Baba Garba ya rasu farkon Sha'aban, ya haura tamanin. Kai ka rubuta takardar rasuwarsa da hannunka, da ajaminmu, ba wasali ko ɗaya. Magatakardan da ka aika wa Balarabe ne. Ya dubi haruffan Garba ya karanta "guraba", wato baƙi, ya jefa shi cikin jerin mamatan da ba su da kowa a ƙasar nan. Takardun motocinsa kuwa Abubakar ɗan Usmanu ke jikinsu. Na je na rantse masa cewa a wajenmu kowane Garba Abubakar ne. Ya yi dariya, ya ce shaidar mai turare irina ba ta goge hatimin Shehu. Yau wata biyu da rabi lori biyu suna kulle a fili da kwaɗon hukuma, a matsayin dukiyar da ba a san magajinta ba.

Na biyu. Wa ake kira baƙo? Wannan mutum an haife shi tun Turawa ba su shiga Kano ba. Ya yi musu soja a yaƙin Jamus na Kamaru, ya baro yatsu biyu a can. Da aka sallame shi bai ko kwana goma a gida ba ya yo gabas da ƙafa. Shekara shida yana hanya, yana tsinkar auduga a Sudan, a can ya koyi cikin mota wajen wani farke. Lokacin da ya fara hawa hanyar Jidda da tsohuwar lorinsa, masu raƙuma jifansa suke yi. Ya ɗauko gari, ya ɗauko itace, ya kai ruwa Mina shekara talatin ba fashi. Mutum ne mai faɗa, ban ɓoye ba. Ni kaina da na je neman 'yarsa sai da ya sa na tsaya a rana kamar kurtu. Amma ba gawar da aka yi a unguwar nan da ya karɓi ko kirshi ɗaya don kai ta makabarta. Shekarar da zafi ya kayar da mahaifinka a Arfa, a bayan motar wa aka kwantar da shi? Kana zaune kusa da shi kana masa fifita, ni ma ina ciki.

Na uku. Za a ce Tanko yana da riba a maganar nan, tunda matarsa magajiya ce. Ina da ita, ni ɗan kasuwa ne. To matar marigayi, Inna Rakiya fa? Tsohuwa tana takaba, ba za ta fita ba sai bayan aikin Hajji. Direbobinsa huɗu, kowanne da iyali, abincinsu na shekara a kwanakin Mina yake. Ƙarshen watan nan za a rufe rubuta motocin da za su yi jigilar bana. Wanda bai shiga ba, an ba wani gurbinsa, kuma ka san gurbi a garin nan in ya tafi ba ya dawowa. Tayoyi har sun fara tsagewa a rana.

Na san abin da ya riƙe ka. Nauyi kake ji ka tsaya gaban Larabawa ka ce alƙalaminka ya yi kuskure. Ranka ya daɗe, ai sun riga sun sani, magatakardan nan har abokansa yake kira su zo su gani. A Makka ba a rubuta suna a kan kabari. Wannan takarda ita kaɗai ce wurin da sunan tsohon nan zai zauna, ita ce kuma ta ce ba shi da kowa.

Roƙona biyu ne. Ka rubuta da Larabci cewa Garba shi ne Abubakar ɗan Usmanu, yana da mata da 'ya, ka buga hatimi. Sannan ka taka da ƙafarka ka kai, kada ka aika. Ranar Asabar bayan hantsi zan zo da dattawa huɗu da suka san shi tun Sudan. Mun tanadi tabarma da butar shayi, ko barci kake yi za mu jira ka tashi.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sauƙaƙa maka wannan tafiya, ya jiƙan mahaifinka da Baba Garba.

Wassalam.

Tanko mai turare, Misfala.