Sakatar Ɗakin Sauda

Ƙofar Wambai, Bauci

Mama Liatu,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yaran gidan marayu da wannan ƙararrawar taki mai fasa kunne. Ya ƙafar?

Ni ne Mansir, wanda kika ce ba zai yi wata guda a waje ba zai dawo yana kuka. Yau shekara biyu. Duk yankin barikin Shadawanka babu mai facin taya kamata, sojoji ma layi suke bi. Na kama ciki da falo, har da labule mai fulawa. Kin ce sai kin ga wurin da idonki kafin ki ba ni ƙanwata Sauda. To bismilla, ki zo ranar Asabar. Kar ki gyara min rubutu da jan biro, na wuce nan.

Naki mai ƙashin arziki,
Mansir

Mama Liatu,

Ina gaisuwa, don ke kika koya min dole.

Kin zo, kin sha lemona, kin shafa tagata kina neman ƙura ba ki samu ba. Sai kika rubuta wai ba za a ba ni Sauda ba, ƙofar ɗakin ba sakata, budurwa ba za ta kwana a haka ba.

Sakata, Mama! Wa ya cire sakatun ɗakunanmu duka? Wa ya zane Amos ɗan ɗakinmu da bulala don ya tokare ƙofa da bokiti yana canja wando? Shekara goma sha huɗu ban taɓa rufe ƙofa daga ciki ba. Wallahi ko a raina bai zo ba. Ke kika yi ni haka, yanzu kuma kin ci ni tara da ƙanwata.

Mansir

Mama Liatu,

Ya gida, ya ƙafar? Ba don na huce ba ne.

Na sa sakata, ƙatuwa, irin ta shagon gwal. Da na gwada ta na zauna a ciki, ina jiran ki buga ki ce wa ya ba ni izini. Ni da nake ɗaga tayar tirela! Ba wanda ya buga. Na daɗe a zaune.

Ki turo Sauda ranar Juma'a, ɗakin ciki nata ne. In kin kawo ziyara za ki tsaya a waje ki yi sallama. Sai ta ga dama ta buɗe.

Sarkin faci,
Mansir