Kiran Salla a Kunnen Baƙuwa

Minna, 1948

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi. Yaya ƙafarka, yaya su Inna? Muna lafiya, aikin reluwe da godiya, sai dai hayaƙin kwal ya ɗan taɓa mini ƙirji.

Surukarka Lauratu ta sauka ranar Laraba, an samu baƙuwa. Ba wani babba namu a nan Sabon Gari, sai ungozoma ta miƙo mini ita. Ni ɗin da kake korawa masallaci da sanda, ni na yi mata kiran salla a kunne. Tun ranar, jam'in asuba bai wuce ni ba.

A aiko mini da allona, a sa mana albarka. Baba, da na buɗe baki a kunnenta, muryarka ce ta fito.

Ɗanka,
Jafaru