Lissafin Habu a Bangon Zaure

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya yara, ya Fatakwal? Ya ƙarin haƙurinmu?

Kafin rasuwarsa, ɗana Habu ya cika bangon zaurenmu na Takur da rubutun alli, lissafin aljabara na digirinsa. Wai radikal yake nema, ruɓaɓɓen ɓangaren tsarin tarawa da ninkawa, "kamar yadda kake tsince tumatir, Baba." Duk wayona na kasuwa, ko layi ban gane ba.

Da sadakar bakwai ta matso, ƙannensa suka shafe bangon da farar ƙasa saboda baƙi. Jiya malaminsa ya zo neman ƙarshen aikin, wai Habu bai kai ga sa shi a takarda ba. Na kai shi zauren, na nuna masa farin bangon.

Ki sa Habu a addu'a. A gaida Alhaji.

Ƙaninki,
Sabo